Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Haraji, Bashi da Attajiri a Adabin Hausa

Gabatarwa

Akwai mutane biyu da marubutan Hausa suka daɗe da sani, suka kuma iya siffanta su ƙwarai da gaske. Na farko shi ne mai karɓar haraji, na biyu kuwa attajiri. Mai karɓar haraji mun san shi da littafi a hammata da dogari a bayansa, yana tsaye a ƙofar talaka. Attajiri kuma mun san shi da babbar riga da doguwar mota, ko dai yana neman ƙarin aure, ko yana yi wa maroƙa ruwan kuɗi. Abin da wannan sharhi yake son ya jawo hankalin 'yan'uwa marubuta a kai shi ne, tun daga littattafanmu na farko har zuwa na yau, da wuya a sami inda muka haɗa mutanen nan biyu a zaure ɗaya. Mai haraji ba ya yin sallama a ƙofar Alhaji, shi kuma Alhaji babu mai tambayarsa abin da ya zuba a baitulmali.

Wannan giɓi ba ƙarami ba ne, musamman a lokacin da bashi ya yi wa ƙasa katutu, ake kuma ta muhawara a duniya a kan ko ya kamata a ɗora wa manyan masu dukiya haraji na musamman domin a rage shi. Za mu ɗauki ƙasar Auyo da fadamar kogin Haɗeja a matsayin madubi, saboda a can mutum yana iya ganin haraji da bashi da idonsa, ba sai ya shiga ofis ba.

Haraji a Idon Marubutanmu

Mutanen wannan yanki sun daɗe suna biya. Tun kafin jihadi, Auyo tana cikin tsofaffin sarautun da ke bakin kogin nan, tare da irin su Garun Gabas da Haɗeja, kuma suna kai gaisuwa Borno ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Kitabul Farƙi, sai ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla a cikin nau'o'in zaluncin sarakunan zamaninsa. Ke nan tun daga tushe, alƙalamin ƙasar Hausa ya ɗauki haraji a matsayin abin da mai ƙarfi yake ƙwata daga hannun mara ƙarfi.

Bayan Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada, sai haraji ya sami sabon tsari. Aka kafa baitulmali, aka ƙidaya magidanta, aka ce da tsabar kuɗi za a biya. Hakimi ya bi dagaci, dagaci ya bi mai unguwa, mai unguwa ya bi talaka. Wanda ba shi da kuɗi dole ya noma gyaɗa ya kai Malam Madori, inda jirgin ƙasan da ya tashi daga Kano zuwa Nguru yake bi, ko ya sayar da akuya, ko kuma ya tafi cin rani. Bafulatani kuwa yakan ɓoye shanunsa a cikin fadama idan ya ji ƙishin-ƙishin malaman jangali sun fito. Wannan shi ne harajin da jam'iyyar NEPU ta yi ta kuka da shi tun kafuwarta a 1950, kuma mawaƙanta irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu sun wasa alƙalumansu a kan zaluncin da talaka yake sha a hannun En'e.

Babu mai musun cewa wannan adabi ya yi aikinsa. Ya ba talaka baki, ya kuma taimaka wajen shirya zukata, har ranar da gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano a 1979, lokacin Auyo da Haɗeja suna cikinta, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Sai dai nasarar ta zo da nata lahani ga marubuta. Tun daga wannan rana muka ɗauka cewa haraji ya mutu an binne shi. Idan ya fito a labari, to labarin zamanin da ne, ga dogari da jan rawani, ga talaka an shanya shi a rana. Mun rufe littafin, alhali kuwa harajin riga kawai ya sake.

Akwai kuma wani abu da muka tsallake tun a wancan zamani. A ƙarƙashin En'e akwai abin da ake kira kuɗin masu arziki, wato ƙiyasi na daban da ake yi wa attajirai da manyan 'yan kasuwa, sama da abin da sauran jama'a suke biya. Sunan kansa labari ne. Wane ne yake yanke hukuncin cewa wane mai arziki ne? Me attajiri yake yi idan ya ji za a sa sunansa a wannan layi? Yana jin daɗi don an ɗaukaka shi, ko yana aika goro gidan dagaci da dare don a mayar da shi layin talakawa? Ga wasan kwaikwayo nan a kwance, da ban dariyarsa da ban takaicinsa, amma da wuya matashin marubuci na yau ya taɓa jin ko da sunan, balle ya gan shi a littafi.

Attajiri a Idon Marubutanmu

Idan muka juya ga attajiri, za mu ga cewa ya fi kowa samun gurbi a ƙagaggun labaranmu, amma a kotu ɗaya kullum muke gurfanar da shi, wato kotun aure. A cikin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da aka buga a Zariya bayan gasar 1933, Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Abubakar da Zainab, kuma sakamakon da ya biyo baya a kan ɗansa Kyauta ya faɗo. A cikin Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, laifin Alhaji Ruwan Ido shi ne lalata 'yar makaranta da kuɗi. A cikin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, kuɗin Abdulƙadir ne suka shiga tsakanin Sumayya da Muhammad. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya, daga baya gobara ta cinye masa dukiya.

Waɗannan littattafai ne masu daraja, kuma kowannensu ya taɓo ciwo na gaskiya. Babu wanda zai karanta wahalar Rabi ya ce marubuciyar ba ta san abin da take faɗa ba. Amma mai karatu ya lura da abubuwa biyu da suka haɗa su. Na farko, ana auna attajiri ne da yadda ya kashe kuɗinsa a kan mata da iyali, ba a cika tsayawa a kan yadda ya tara su ba, ko abin da jama'ar gari suke binsa. Na biyu, hukuncinsa daga sama yake saukowa: gobara, ko karayar arziki, ko ɗa ya lalace. Wannan ya dace da imaninmu cewa alhaki ba ya barin mai shi. To amma ta fuskar ginin labari, yana sauke wa al'umma nauyi. Idan gobara ce za ta yi mana maganin Alhaji, babu bukatar dagaci ko alƙali ko ma'aikacin haraji ya ce masa uffan. Kowa sai ya naɗe hannu ya jira wuta. Bugu da ƙari, dukiyar da ta ƙone ba ta gina ko aji ɗaya ba, ba ta kuma sayi ko ƙwayar magani ba.

Wanda ya fi matsowa kusa da inda muke nufi shi ne Sulaiman Ibrahim Katsina a cikin Turmin Danya, wanda ya fito a farkon shekarun 1980. Alhaji Gabatari ɗan fasa-ƙwauri ne, kuma fasa-ƙwauri ba wani abu ba ne illa gudun biyan kuɗin kwastan da karya dokar ciniki. A nan an tsayar da attajiri gaba da gaba da hukuma, an nuna yadda kuɗi suke sayen mutane da muƙamai. Wannan hanya ce mai kyau da aka share, amma masu binta ba su yi yawa ba. Har ila yau, ɗan fasa-ƙwauri mai laifi ne a fili, kowa zai iya tsine masa. Wanda ya fi wuyar rubutawa shi ne attajirin da bai saci ko anini ba, mai sallah da azumi, mai ciyar da marayu, amma kuma abin da yake biya wa ƙasa bai kai na malamin makarantar da ake cire wa haraji daga albashi tun kafin ya gani ba.

Ko a waƙa ma haka abin yake. Ƙasar Haɗeja ba ta rasa fasihai ba. Mu'azu Haɗeja ya yi wa'azi mai ratsa jiki a kan giya da karuwanci a shekarun 1950, Haruna Uji kuma ya sa gurmi ya yi magana a kan soyayya. Amma waƙarmu ta baka, idan ta zo kan mai kuɗi, yawanci roƙo ne. Makaɗi yana yabon mai kyauta, yana yi wa marowaci zambo. Ma'aunin ke nan.

Tsakanin Kyauta da Hakki

A nan ne, a ganina, matsalar take. Adabinmu ya gāji idon maroƙi wajen kallon dukiya. A wurin maroƙi, mai kuɗi iri biyu ne, mai bayarwa da mai hanawa, kuma duk abin da ya fito daga aljihun Alhaji kyauta ce da ta cancanci godiya da kirari. Marubucin zube ya ɗauko wannan ma'auni bai sani ba. Shi ya sa idan muna son mu nuna attajiri nagari a labari, sai mu sa shi ya raba atamfa da azumi, ko ya biya wa wani kujerar Makka, ko ya gina rijiya a sa sunansa a jiki.

Kyauta abu ne mai kyau, amma tana da sharuɗɗanta. Mai ita ne yake zaɓen wanda zai ba, da ranar da zai bayar, da ranar da zai daina. Wanda aka ba kuwa sai ya durƙusa. Hakki kuma ba a durƙusa masa, tambayarsa ake yi. Abin mamaki shi ne wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kowane ɗan makarantar allo da ya fara karatun littattafai ya san zakka hakki ce a cikin dukiyar mawadaci, da nisabinta da ƙa'idarta: ɗaya cikin arba'in a kuɗi, ɗaya cikin goma a amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin a wanda aka sha wahalar ban-ruwa. Zakka daban, harajin gwamnati daban, kuma malamai ne masu bayanin iyakar kowanne. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, harshenmu yana da kalmomin da za a yi maganar abin da ake bin mai dukiya ba tare da an roƙe shi ko an zage shi ba. Mun bar waɗannan kalmomi a zauren malam, ba mu shigo da su cikin labari ba.

Bashin da Ke Kwance a Fadama

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan marubucin soyayya da bashin gwamnati? Amsar tana fadamar Auyo. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, rayuwar kogin Haɗeja ta sauya. Ruwan da a da yake zuwa da damina ya janye da rani ya koma yana gudana ba a kan tsohuwar ƙa'idarsa ba, kachala ta toshe hanyoyin ruwa ta zama gidan tsuntsayen jan-baki, masunta da manoma da makiyaya kowa ya ji a jikinsa. Aikin noman rani na kwarin Haɗeja, wanda yake a ƙasar Auyo, ya daɗe ba a kammala shi ba. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 500 ga Nijeriya domin shirin TRIMING na gyaran ayyukan ban-ruwa a Arewa, ciki har da Bakolori da aikin kogin Kano da wannan na Haɗeja. A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Auyo ya buɗe aikin.

Wato ruwan da yake bin magudanar nan zuwa gonakin shinkafa da alkama, da kuɗin rance aka jawo shi. Wannan ba aibu ba ne, domin bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma rancen da ya haifi abinci ya fi wanda aka yi biki da shi. Tambayar ita ce, wa zai biya? A 2005 ƙungiyar ƙasashen da ke bin Nijeriya bashi ta Paris ta yafe mata kimanin dala biliyan 18, ita kuma ta biya kimanin biliyan 12, aka ce an huta. Kafin shekara ashirin ta cika, a ƙarshen 2024, ofishin kula da basussuka na ƙasa ya ce bashin gwamnatin tarayya da na jihohi ya haura naira tiriliyan 144, wato kimanin dala biliyan 94. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 sama da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya wajen biyan bashi da ruwansa suka tafi.

Manomin Gamsarka ko Ayama bai sa hannu a kowace takarda ba. Duk da haka yana biya. Ya biya a zamanin tsuke bakin aljihu na SAP da aka fara a 1986, lokacin da darajar naira ta zube. Yana biyan harajin kayayyaki na VAT da aka fara karɓa a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka mayar da shi kashi 7.5 a 2020. Ya biya a 2023 da aka janye tallafin mai, litar fetur da yake zuba wa injin ban-ruwa ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Yana biyan kuɗin shiga kasuwa, yana biya a shingayen hanya kafin buhunsa ya isa Kano. Sannan idan ambaliya ta zo, kamar yadda ta zo a 2018 da 2020 da 2022, a ce masa babu isassun kuɗin gyara. Harajin da ya fi na En'e wayo ke nan, domin ba shi da fuska, ba shi da rawani, babu wanda za a yi wa waƙar zambo. Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A ɗaya gefen kuma, wane ne ya fi cin moriyar hanyar da aka shimfiɗa da magudanar da aka gina? Manomi ya samu, babu shakka. Amma wanda yake sayen shinkafar da kaka lokacin da take araha ya ɓoye, da mai injin casa, da mai manyan motoci, da ɗan kwangilar da ya yi aikin, nasu rabon ya fi tsoka. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wannan ita ce hujjar masu cewa a ƙara wa manyan masu dukiya haraji, kuma ba a Nijeriya kaɗai ake yin ta ba. A 2024, lokacin da Brazil take shugabancin ƙungiyar G20, masanin tattalin arziki Gabriel Zucman ya kawo shawarar a riƙa karɓar aƙalla kashi 2 cikin 100 na dukiyar masu biliyoyin daloli na duniya, su kimanin 3,000, ya ce za a iya samun dala biliyan 200 zuwa 250 a shekara. A gida kuma, dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun yafe wa mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara, suka kuma sa kashi 25 cikin 100 a kan abin da ya haura naira miliyan 50. Sai dai wannan haraji ne a kan abin da mutum ya samu a shekara, bai taɓa tarin dukiyar da ke ajiye ba.

Shi Ma Alhaji Yana da Ta Cewa

Kada marubuci ya ji wannan bayani ya ruga ya rubuta takardar zanga-zanga ya sa mata sunan labari. Abin da ya sa wannan jigo ya cancanci ƙagaggen labari shi ne, kowane ɓangare yana da hujja. Idan aka zaunar da Alhaji, zai ce: na ba gwamnati kuɗina ta kai su ina? Ni nake haƙa rijiyata, ni nake sayen injin wutata, ni nake biyan masu gadina, ga mutum ɗari suna ci a ƙarƙashina. Waɗanda suka ciwo bashin, ina suka kai shi? Wannan magana ba ta wasa ba ce, kuma talakan da ya ga yadda ake facaka da dukiyar jama'a zai iya gyaɗa masa kai.

Zai kuma ce dukiya tana da ƙafa, idan aka matsa mata sai ta ƙetare iyaka. Faransa ta daɗe tana karɓar harajin dukiya, amma a 2018 ta soke shi ta bar na gidaje da filaye kawai, kuma tsoron gudun masu jari yana cikin dalilan da aka bayar. Lissafi ma yana da nasa gargaɗin. Ƙungiyar Oxfam ta ce a 2017 dukiyar mutum biyar mafiya arziki a Nijeriya ta kai dala biliyan 29.9. Ko da a ce an tattara ta gaba ɗaya, ba ta kai sulusin bashin ƙarshen 2024 ba. Saboda haka duk wanda ya ce harajin attajirai kaɗai zai share bashin ƙasa, ya yi wa mai karatu alkawarin da ba zai cika ba. Abin da zai iya yi shi ne ya rage nauyi, ya kuma daidaita kayan a kan jaki, don kada ɓangare ɗaya ya riƙa rinjaya kullum. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai kuma amsar da za a mayar wa Alhaji. Wanda ya biya da yawa shi ne yake da bakin tambaya. Da a ce manyan masu kuɗi suna jin zafin abin da suke zubawa a baitulmali, da su ne za su fara tsare ƙofarsa, domin su ake ɗaga wa waya idan sun kira. Muddin sun sami hanyar zamewa, sun kuma gina wa kansu rijiya da asibiti da makaranta, to babu abin da zai dame su da ɓarnar da ake yi. Marubucin da ya iya sa waɗannan muryoyi biyu su kara da juna, ba tare da ya rufe bakin ɗaya ba, ya sami labari.

Shawara ga Masu Tasowa

Ta yaya za a mayar da wannan duka ya zama adabi? Da farko, alƙaluman lissafi ba sa shiga labari da takalmansu. Tiriliyan ba ta sa kowa kuka. Sai an fassara ta zuwa galan ɗin fetur da aka rage, da kadadar da aka bari ba a shuka ba, da auren da aka ɗaga zuwa baɗi. Marubucin soyayya ba sai ya bar soyayyarsa ba. Alal misali, a ce ga saurayi ƙaramin ma'aikacin tara kuɗin shiga, an aike shi ya ƙiyasta dukiyar wani babban ɗan kasuwar hatsi, sai ya tarar mutumin nan shi ne mahaifin yarinyar da yake nema, kuma shi ne ya biya masa kuɗin makaranta lokacin da mahaifinsa ya rasu. Idan ya rubuta gaskiya, ya zama butulu a idon gari. Idan ya rage, ya ci amanar aikinsa da ta manoman da ya fito daga cikinsu. Babu mugu a cikin wannan labari, amma babu wanda zai ajiye shi bai kai ƙarshe ba.

Na biyu, a daina gaggawar kiran gobara. Idan marubuci ya ga labari ya cije, sai ya jawo haɗarin mota ko karayar arziki don ya huta. A bar taurari su warware abin da suka ƙulla da hannunsu, a gaban mutane, ko da ƙarshen bai yi daɗi ba.

Na uku, a yi bincike. Wanda zai rubuta attajiri ya zauna a kasuwar Haɗeja ya ga yadda ake cinikin kifi da shinkafa, ya san wane ne dillali, wane ne mai ba da bashin taki a karɓi buhu da kaka. Wanda zai rubuta ma'aikacin haraji ya san yadda takardunsa suke da abin da ake ce masa idan ya shiga kanti. Sannan a nemi dattawan da suka biya haraji da jangali da hannunsu, a ji daga bakinsu tun suna raye. Mutanen Auyo sun fi kowa sanin abin da ake rasawa idan ba a rubuta ba, domin harshen kakanninsu, Auyakanci, ya ɓace, babu mai yin magana da shi a yau.

Kammalawa

Mun ga yadda magabatanmu suka yi wa harajin talaka taron dangi da alƙalami har aka soke shi, da yadda marubutan zube suka tsare attajiri a kan hakkin mata da 'ya'ya. Duka biyun aiki ne na a yaba. Abin da ya rage shi ne a haɗa zaren biyu, a kai mai littafin haraji ƙofar Alhaji, a tsaya a ji abin da za su ce wa juna. Ba aikin marubuci ba ne ya yanke kashi nawa za a karɓa, wannan na majalisa ne da masana. Nasa shi ne ya sa mai karatu ya ga cewa bashin da ake ambata a rediyo yana da masu ɗaukarsa a ka, kuma an san gidajensu. Muna fata 'yan ƙungiya, musamman na Jigawa da suke da wannan fadama a bayan gida, za su gwada, mu kuma ga sakamakon a wannan fili domin a tattauna. Allah Ya sa mu dace, amin.